Kafin a Hana Baba Zuwa Bakin Teku, a Duba Ƙotar Sheburinsa

 

Wata baiwar Allah da ke zaune a wani garin bakin teku a kudancin Ingila ta aiko da tambaya game da mahaifinta. Dattijon ya haura shekara 65, ya yi ritaya, zaman gida ya gundure shi. Sai wani maƙwabcinsa Bature ya koya masa wani abin ɗebe kewa da ya karɓu a ƙasar: mutum ya ɗauki na'urar gano ƙarfe ya bi gaɓar teku yana wurga faifanta a saman yashi, in ta yi ƙara ya tona. Wani lokaci a dace da tsabar kuɗi ko zoben da ya suɓuce wa mai iyo, galibi kuwa murfin kwalba ne. 'Ya'yan suka haɗa kuɗi suka saya masa na'ura mai tsada. Cikin 'yan watanni tumbi ya ragu, barci ya gyaru, ya yi abokai. Sai dai duk ranar da ya fita, yakan dawo dafe da ƙugu, ruku'u ma sai da dabara. Yanzu gida ya rabu biyu, wasu na cewa a ɓoye na'urar, wasu na cewa a saya masa ɗamarar ɗaure ƙugu. Ita kuma tana neman shawara.

Da na nemi ta aiko da hoton kayan aikin nasa, sai na ga inda gizo ke saƙar. Na'urar ba ta da laifi. Abin tonon da aka haɗo masa da shi kyauta ne, ƙotarsa ba ta wuce tsawon hannu ba. Ra'ayina, wanda zan kare a wannan rubutu, shi ne kada a hana dattijon fita, a sauya masa ƙota. Kuma a zaɓe ta da awon jikinsa, kamar yadda ake zaɓen takalmi, kada farashi ko tallar masu sayarwa su yi mana zaɓin.

Bari mu fara da sanin kayan aikin. Masu wannan harka ba sa tono da sheburin gini. Nasu wani ɗan bokiti ne na ƙarfe mai kaifin baki, jikinsa duk huji kamar rariya. Ana kafa bakinsa a yashi, a taka bayansa da ƙafa ya nutse, a janyo ƙotar baya ya ɗebo, sannan a girgiza yashi ya zube ya bar abin da ake nema. Busasshen yashi ba shi da wuyar sha'ani. Jiƙaƙƙe kuwa, lita guda tasa ta kusa kilo 2, ga shi yana riƙe shebur kamar taɓo. Sheburin da ke cin lita 3 yana ɗauko kusan kilo 6, ban da nauyin kansa. A ƙaddara mutum ya ɗeba sau 60 a fita guda, wanda ba abin mamaki ba ne tunda rami ɗaya kan ci ɗiba biyu ko uku. Ya ɗaga fiye da kilo 350 ke nan kafin ya koma gida, a kan ƙasar da ke zamewa a ƙarƙashin ƙafa, ɗaya hannun kuma riƙe da na'ura. Duk wannan nauyi ta ƙota yake bi ya shiga jiki.

Tsakanin ƙasusuwan gadon baya akwai wasu faya-fayan guringuntsi masu aikin matashi. A 1999 Hans-Joachim Wilke da abokan aikinsa a Jamus sun wallafa awon da suka yi ta hanyar sanya ma'auni a cikin ɗaya daga cikin faya-fayan ƙugun wani mutum mai rai. Da ya ɗaga kilo 20 a sunkuye, matsin da ke cikin faifan ya ninka na tsayuwa fiye da sau huɗu. Da ya ɗaga da lanƙwasa gwiwa, ya sauko zuwa ninki uku da ɗoriya. Da ya rungumi kayan kusa da jikinsa, ninki biyu ne kawai da 'yan kai. A jikin mutum guda aka yi awon, don haka ba za a mai da shi doka a kan kowa ba, amma darasinsa ya dace da hankali: sunkuyo da nisanta kaya daga jiki su ne ke ƙara wa ƙugu aiki. Gadon baya abu ne mai ƙarfi, sunkuyo sau ɗaya ba ya lalata shi. Abin da ke gajiyar da shi maimaici ne babu hutu, musamman ga jikin da bai saba ba.

Wanda ya taɓa yini da fartanya a gona ba ya bukatar a yi masa dogon bayani. Ya kuma san bambancin da ke tsakaninsa da manomin Nijar mai doguwar hauyar nan da ake turawa a tsaye. A jihar Kalifoniya ta Amurka sai da maganar ta kai kotu, domin likitoci sun ba da shaida kan yadda fartanya mai gajeriyar ƙota ke nakasa bayan leburorin gona, aka kuma haramta sa su aiki da ita a 1975. Idan tsawon ƙota ya isa a kafa masa doka, to ya isa iyali su zauna su yi shawara a kansa.

Abu na farko da za a duba, tsawo. Dattijon ya tsaya da takalmin da yake fita da shi, a tsayar da sheburin a gabansa. Kan ƙotar ya kamata ya kai wajen ƙirjinsa. In ta tsaya a cibiya, zai riƙa sunkuyawa a kowace ɗiba. In ta wuce kafaɗa, zai riƙa ɗaga hannu sama yana ja, ciwon ya bar ƙugu ya koma kafaɗa da wuya. Gwaji mafi sauƙi shi ne ya taka sheburin ya nutse, ya janyo ƙotar zuwa jikinsa, wani ya tsaya a gefe yana kallon bayansa. Matuƙar baya na miƙe, gwiwa ta ɗan lanƙwashe, an dace. In za a yi kuskure, gara a yi shi wajen tsawo, domin doguwar ƙotar itace ana iya rage ta da zarto, gajeriya kuwa ba ta da magani.

A nan wani zai ce ai doguwar ƙota ma tana da nata sharrin, kuma gaskiyarsa. Kilo 6 a ƙarshen doguwar sanda ya fi kilo 6 a tafin hannu wahalar ɗagawa, kamar yadda duk wanda ya ɗebo ruwa da guga a bakin gora ya sani. Amsar ita ce doguwar ƙota ta ɓamɓaro ce da ja. A bar bayan sheburin a ƙasa ya zama madogara, a janyo ƙotar da nauyin jiki har yashin ya saki, a jawo shi gefe a zubar. In ɗagawa ta zama dole, a zame hannu ƙasa kusa da kayan. Shi ya sa nake goyon bayan ƙaramin mariƙin nan da ake ɗaurawa a tsakiyar ƙota, wanda ke ba hannu wurin kamawa ba tare da an duƙa ba. Wajen zubarwa kuma a juya da ƙafafu gaba ɗaya, kada a murɗa ƙugu da kaya a hannu.

Abu na biyu, kauri. Masana lafiyar ma'aikata sun fi son mariƙin da faɗinsa ke tsakanin santimita 3 zuwa 5 ga aikin da ake damƙa da dukan hannu. Siririyar ƙota tana sa a matse ta da ƙarfi, mai kauri ainun kuma ba ta damƙuwa. Tsokokin da ke daidaita wuyan hannu lokacin damƙa suna manne ne a ƙashin gefen gwiwar hannu, kuma yawan matsi ne ke haifar da ciwon nan na gwiwar hannu da aka fi sani da 'yan wasan tanis. A gwada a shago: in ya damƙa, babban yatsa ya taɓa manuni ko ya kusa, ba tare da sun hau juna sosai ba. Mai amosanin gaɓɓai a yatsu ya fi jin daɗin mai ɗan kauri da taushi, ana kuma iya naɗa mata roba. Ƙota mai santsi in ta jiƙe tana tilasta ƙarin matsi, don haka a nemi mai ɗan kaushi, a kuma sa safar hannu.

Abu na uku, abin da aka yi ta da shi, kuma a nan ne kuɗi ke ruɗar mutane. Itace, irin na ƙotar sheburin lambu, yana da araha, ba ya sanyi a hannu, ana iya yanke shi daidai jiki, kuma yakan nuna tsaga kafin ya karye. Aibinsa nauyi, da shan ruwa, da sartse in an bar shi babu shafa mai. A zaɓi wanda zanen jikinsa ya tafi a miƙe, babu ƙulli. Alminiyam ba shi da nauyi, amma yana lanƙwashewa a jiƙaƙƙen yashi, kuma inda ya haɗu da ƙarfen shebur ruwan gishiri na cinye shi a ɓoye. Ƙarfen da ba ya tsatsa yana da ƙarko, sai dai nauyi, ga shi a hunturun Ingila yana sandarar da yatsu, hannun da ya sandare kuwa ba ya sanin irin matsin da yake yi. Ƙotar ƙarfe kuma tana sa na'urar ƙara in ta matso kusa da faifanta. Ta zaren gilashi tsaka-tsaki ce a nauyi da farashi, ba ta ruɓewa, amma in rana ta cinye fatarta tana sakin ƙananan zaruruwa masu shiga fata. Ta zaren kabon ita ce mafi rashin nauyi kuma mafi tsada, ranar da za ta karye kuwa ba ta sallama.

Rashin nauyi yana da amfani na gaske, domin tsakanin rami da rami hannu ɗaya ne ke ɗauke da sheburin na sa'o'i. Wanda kafaɗa ko wuyan hannu ke damunsa, kuma yana da hali, ƙotar kabon za ta taimake shi. Amma ga mai ciwon ƙugu, rage rabin kilo daga ƙota bai kai gyara tsawonta muhimmanci ba, bai kuma kai rage girman bokitin ba. Ƙotar itace da ta dace da tsayin mutum ta fi ta kabon da ta yi masa gajarta. Ina ba wannan iyali shawarar su fara da itace, su rage shi kaɗan-kaɗan har su gano tsawon da ya yi wa Baba daidai. In daga baya sun so mai tsada, sun riga sun san awon da za su nema. Kowace aka saya, a wanke ta da ruwan famfo bayan kowace fita, a duba ƙusoshin mahaɗa. Ƙotar da ta ɓalle mutum na tsakiyar ja tana iya kayar da shi ta baya, faɗuwa kuwa ga mai shekaru ba wasa ba ce.

Saura masu cewa a hana shi fita baki ɗaya. Niyyarsu mai kyau ce, amma ilimin yau bai goyi bayansu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙugu a 2020, kuma shi ne kan gaba wajen nakasa mutane a duniya. A jagorar da ta fitar a Disamba 2023 kan ciwon ƙugun da ya daɗe, ta ƙarfafa motsa jiki da ilimantar da majinyaci, ta kuma ce kada a dogara da ɗamarar ɗaure ƙugu. Hukumar NICE ta Ingila ta faɗi irin wannan tun 2016, tare da kira ga majinyata su ci gaba da harkokinsu na yau da kullum. Dattijon da aka ƙwace wa abin da ke fitar da shi daga gida zai koma kan kujera, tsoka ta saki, suga da hawan jini su sami fili, kaɗaici ya dawo. An yi gudun gara an faɗa gidan zago ke nan.

Abin da ya dace shi ne a sa wa aikin ma'auni. Ya fara da sa'a guda a busasshen yashi, ya riƙa ɗiban rabin shebur, ya sauya ƙafar takawa da hannun ja, ya miƙe ya ɗan taka bayan kowane 'yan ramuka. Gajiyar da ta wuce kafin washegari ba abin tsoro ba ce. Ciwon da ke ƙaruwa fita bayan fita kuwa saƙo ne, jiki magayi, sai a rage a kuma ga likitan gashin ƙashi. Ya duba lokacin cikar teku kafin ya fita, ya bar gaɓa da zarar ya ji tsawa, ya tabbatar rigakafinsa na cutar sarƙe-haƙora bai tsufa ba, tunda ƙugiya da yankakken gwangwani ne abokan hulɗarsa. Mai ciwon zuciya, ko wanda aka dasa wa na'urar daidaita bugunta, ko mai raunin ƙashi, ya tuntuɓi likitansa kafin ya fara.

Akwai kuma alamomin da ba a neman maganinsu a shagon ƙota. Idan ciwon ya zo da mutuwar jiki a tsakanin cinyoyi ko kewayen dubura, ko fitsari ya ƙi fita, ko fitsari da bayan gida suka riƙa zuwa babu sani, ko ƙafa ta fara rauni, a tafi sashen gaggawa nan take, domin jinkiri na iya barin nakasa ta dindindin. Haka nan ciwon ƙirji ko ɗaukewar numfashi a lokacin tono. Ciwon bayan da ya zo da zazzaɓi, ko rama babu dalili, ko ya biyo bayan faɗuwa, ko yake hana barci kowane dare, a ga likita cikin gaggawa.

Ke kuma 'yar'uwa, tunda kin ce likitan Baba ya duba shi bai ga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, ki ɗauki tef ɗin awo ki auna daga ƙasa zuwa ƙirjinsa, ki raka shi shago ya damƙa da hannunsa, sannan ki bi shi bakin teku rana ɗaya ki kalli bayansa yana aiki. Bayan mako huɗu ki sake rubuto mana yadda ruku'u ya kasance.

Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya, ya ba mu ikon kula da su.