Citadel: Dala miliyan 300 ba ta sayi labari ba, darasi ga Kannywood

A shagunan tura fina-finai a waya, daga Getso zuwa Gwarzo da Kabo, sunan Priyanka Chopra kaɗai ya isa ya sa matashi ya miƙa memori. Ita ce jarumar Citadel, shirin leƙen asiri mai haɗe da ƙagaggen labarin kimiyya, wanda Prime Video ya fara nunawa ranar 28 ga Afrilun 2023.

Kashi na farko ya buɗe ne a cikin jirgin ƙasa a Italiya. Jami'ai biyu, Nadia Sinh da Mason Kane, wanda Richard Madden ya fito a matsayinsa, sun faɗa tarkon wata ƙungiya mai suna Manticore. Jirgin ya tarwatse, hukumarsu ta ruguje, an kuma goge duk abin da ke ƙwaƙwalwarsu. Bayan shekara 8, Mason na zaune a Amurka da mata da 'ya, bai san ko shi wane ne ba, sai tsohon abokin aikinsa ya zo nemansa.

Hoto ya fita, faɗa ya ƙayatar. Amma an yi gaggawa. Kafin mai kallo ya san mutanen har ya ji tausayinsu, harsashi ya fara tashi. Rahotanni sun ce zangon farko mai kashi 6 ya ci kusan dala miliyan 300, duk da haka abin da ya fi taɓa zuciya, wato magidancin da ya gano rayuwarsa ƙarya ce, bai samu isasshen lokaci ba.

A nan ne ya kamata masu shirya fim a Kano su tsaya su yi nazari. An saba jin cewa irin wannan shiri sai mai kuɗi. Kwana Casa'in na tashar Arewa24 ya riƙe jama'a da siyasar ƙagaggiyar Jihar Alfawa ba tare da fasa jirgi ba, domin mutane sun ga kansu a ciki.

Labarin leƙen asiri kuwa yana bakin ƙofa. Gwarzo na iyaka da Jihar Katsina, inda kalmar infoma ta shiga bakin kowa. A Satumbar 2021 an katse layukan waya a Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina don toshe kafar sadarwar 'yan bindiga. Ga haɗa layin waya da lambar NIN, ga jirage marasa matuƙa. Jami'in da aka tura ƙauye ya gano mai kai rahoto, sai ya tarar ƙanin matarsa ne: wannan ba ya buƙatar dala, sai marubuci mai bincike da ƙarfin hali.

Idan Kannywood ta yi shiru, wasu za su ba da labarin, kuma ba lallai su yi wa mutanen karkara adalci ba.