Sarkin Yawa a Yanar Gizo: Darasin Muhawarar Dart da TypeScript

A watan Oktoban 2011, a wajen wani taron masana manhaja da aka yi a birnin Aarhus na ƙasar Denmak, kamfanin Google ya gabatar da sabon harshen rubuta manhaja mai suna Dart. Waɗanda suka tsara shi ba 'yan koyo ba ne. Lars Bak da Kasper Lund suna cikin ƙwararrun da suka ƙera V8, injin da ya sa burauzar Chrome ta yi fice wajen sauri tun fitowarta a 2008. Burinsu kuwa babba ne: samar wa yanar gizo harshen da wata rana zai gaji JavaScript, wanda a lokacin shi kaɗai ne harshen da kowace burauza ke iya karantawa ta aiwatar. Bayan shekara uku da 'yan watanni, a watan Maris na 2015, Google ya sanar da cewa ba zai saka injin Dart a cikin Chrome ba. Kamfanin da ke da kuɗi, da ƙwararru, da ɗaya daga cikin manyan burauzocin duniya, ya janye daga fagen da shi da kansa ya share.

Har yau akwai masu kallon wannan janyewa a matsayin asara, suna cewa ƙyashin abokan hamayya ne ya danne fasaha mai kyau. Wannan fahimta ba ta cika ba. Waɗanda suka ƙi Dart sun yi daidai, duk da cewa kusan dukkan aibin da masu Dart suka lissafa wa JavaScript gaskiya ne. Muhawarar ta wuce batun wane harshe ya fi tsari. Zuciyarta ita ce: wa ke da ikon sauya harshen da duniya duka ke tarayya a cikinsa, kuma wa zai ɗauki nauyin sauyin?

Aibin da kowa ya yarda da shi

JavaScript haihuwar gaggawa ne. Brendan Eich ya rubuta siffarsa ta farko cikin kwana goma a watan Mayun 1995, yana aiki a kamfanin Netscape, a zamanin da abin da ake buƙata bai wuce ɗan motsi a shafi ko duba ko mutum ya cike fom daidai ba. Don kada ya yi wa masu ƙaramin sani wuya, sai aka yi masa sassauci mai yawa. Ba ya tilasta wa mai rubutu ya faɗi ko abin da ya ajiye lamba ce ko rubutu ne, kuma idan aka cuɗa biyun ba ya ƙorafi, sai ya yi hasashe. Idan aka ba shi "5" a matsayin rubutu, aka ce ya ƙara 1, zai ba da 51, domin manna su kawai ya yi. Idan kuma aka ce ya debe 1 daga wannan "5" ɗin, zai ba da 4, domin a nan ya ɗauke shi lamba. A shafi mai layi hamsin, wannan abin dariya ne. A babbar manhajar da mutane da dama ke rubutawa tare, irin wannan kuskure kan ɓuya har sai ya isa hannun mai amfani.

Manyan manhajojin kuwa sun iso. Gmail a 2004 da Google Maps a 2005 sun nuna cewa ana iya gina cikakkiyar manhaja a cikin burauza, sai nauyin da ke kan JavaScript ya zarce abin da aka yi shi dominsa. An yi ƙoƙarin yi masa gyaran gaske. Kwamitin TC39, wanda ke kula da ƙa'idar harshen a ƙarƙashin ƙungiyar Ecma International, ya shafe shekaru yana shirya bugu na huɗu da zai kawo sauye-sauye masu zurfi. Mozilla da Adobe suka mara wa shirin baya, Microsoft da Yahoo suka ce ya yi yawa, a 2008 aka watsar da shi. Wannan cikas ne ya sa wasu injiniyoyi suka yanke ƙauna daga kwamitin. Wata takardar cikin gida ta Google da aka rubuta a 2010, wadda ta fito fili a watan Satumban 2011, ta bayyana ra'ayin cewa JavaScript na da nakasu tun daga tushe, irin wanda gyara sannu a hankali ba zai warkar ba. Daga wannan tunani Dart ya samo asali.

Inda aka rabu

Shirin Dart yana da ƙafa biyu. Ta farko ita ce manhajar tafinta, wadda ke juya abin da aka rubuta da Dart zuwa JavaScript domin kowace burauza ta iya gudanar da shi. Wannan bai tayar da ƙura sosai ba, domin harsuna irin su CoffeeScript, wanda ya fito a 2009, sun riga sun bi wannan hanya. Ƙafa ta biyu ita ce ta jawo rigima: a dasa injin Dart kai tsaye a cikin Chrome, a gefen injin JavaScript.

Abin da zai biyo baya a fili yake. Shafin da aka rubuta da Dart zai yi gudu a Chrome, a sauran burauzoci kuma ya dogara da fassara. Sannu a hankali masu gina shafuka za su karkata ga inda aikinsu ya fi sauri, sauran kamfanoni kuma ya zame musu dole su karɓi harshen da ba a shawarce su wajen tsara shi ba, ko su zauna a baya. Masu dogon tunani sun taɓa ganin irin wannan. A 1996 Microsoft ya fito da VBScript, harshen da a cikin manyan burauzoci Internet Explorer kaɗai ke ganewa, aka kuma yi zamanin da shafuka ke sanar da baƙo cewa sai da burauza kaza za su buɗe daidai. An sha wuya kafin a fita daga wannan rami.

Shi ya sa martani ya zo da zafi. Eich, wanda a lokacin shi ne babban jami'in fasaha na Mozilla, ya fito fili ya ce sauran masu burauza ba za su taɓa ɗaukar injin Dart ba. Masu kula da JavaScript a Microsoft suka ce ba su yarda cewa sai an rushe harshen kafin a gina manyan manhajoji ba. Injiniyoyin Apple, waɗanda a lokacin suke tarayya da Google a kan injin WebKit, suka ƙi amincewa a buɗe ƙofa ga harshen da ba shi da ƙa'idar bai ɗaya.

Masu kare Dart suna da amsa, kuma amsar tana da nauyi. Harshen a buɗe yake, kowa na iya duba yadda aka gina shi, kuma a 2014 ƙungiyar Ecma ta amince da shi a matsayin ƙa'ida mai lamba 408. Suka ce idan har sai kowa ya yarda kafin a gwada sabon abu, to ba za a taɓa gwada komai ba, ga abin da ya faru da bugu na huɗu nan a matsayin shaida. Sai dai akwai bambanci tsakanin ƙa'idar da aka zauna aka tsara tare da wadda gida ɗaya ya gama rubutawa sannan ya kawo a buga mata hatimi. A yanar gizo, ƙa'ida ba ta da rai sai abokan hamayya sun aiwatar da ita, kuma babu ko ɗaya daga cikinsu da ya aiwatar da Dart.

Akwai kuma wani dalili da ya fi siyasar kamfanoni zurfi. Yanar gizo tana riƙe da wani alkawari da ba kasafai ake samunsa a duniyar manhaja ba: shafin da aka rubuta shekara ashirin da suka wuce ya kamata ya buɗe yau. Ana ɗaukar alkawarin da muhimmanci ƙwarai. A 2018, lokacin da kwamitin TC39 ya so ƙara wa harshen wani umarni mai suna flatten, sai aka gano cewa sunan zai lalata tsofaffin shafukan da ke amfani da wata daɗaɗɗiyar ma'ajiyar umarni da ake kira MooTools. Maimakon a bar shafukan su mutu, sai aka sauya sunan umarnin zuwa flat. Ko da Dart ya yi nasara, JavaScript ba zai tafi ko'ina ba. Kowace burauza za ta riƙa ɗaukar injuna biyu har abada, da ninkin aiki da ninkin kafofin da ɓarayin intanet za su iya bi.

Hanyar da ta ɓulle

A watan Oktoban 2012, shekara ɗaya bayan Dart, Microsoft ya fito da TypeScript a ƙarƙashin jagorancin Anders Hejlsberg, mutumin da ya ƙera Turbo Pascal ya kuma jagoranci tsara C#. Cutar da ya gano ita ce wadda masu Dart suka gano, amma maganinsa daban ne. TypeScript bai nemi wata burauza ta sauya komai ba. JavaScript ne da aka ɗora wa bayanin nau'i: mai rubutu yana iya faɗin cewa wannan lamba ce, wancan rubutu ne, sai manhaja ta duba aikin ta nuna kurakurai tun kafin a gudanar da shi. Idan an gama dubawa sai a share bayanan, abin da ya rage shi ne JavaScript zalla.

Fa'idar wannan tsari ga mai aiki a fili take. Kamfanin da ke da tsohon rubutu mai yawa ba sai ya zubar da shi ba. Yana iya juya fayil ɗaya yau, wani gobe. Ma'aikacin da ya iya JavaScript ya riga ya iya mafi yawan sabon harshen. Dubban ma'ajiyoyin umarni da jama'a suka tara cikin shekaru suna nan suna aiki. Masu tsara TypeScript ma sun rubuta a fili cewa cikakkiyar tsantsar ƙa'ida ba ta cikin burinsu, sun bar ƙofar da mai rubutu zai iya cewa kada a binciki wannan wuri. Masana ilimin harsunan kwamfuta sun ga hakan a matsayin rauni, kuma rauni ne. Amma wannan sassauci shi ya ba mutane damar shigowa da kayansu a ka. A watan Maris na 2015, watan da aka janye injin Dart daga shirin Chrome, masu gina Angular, wani babban tsarin gina manhajoji na Google ɗin kansa, suka sanar da cewa da TypeScript za su rubuta sabon bugunsu. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Adalci ya buƙaci a faɗi farashin wannan nasara. Tunda ana share bayanin nau'i kafin a gudanar da manhaja, babu abin da zai hana gurɓataccen bayani shigowa daga waje a lokacin aiki. Tsofaffin halayen JavaScript suna nan daram, har da batun 51 da 4. Mai koyo a yau yana fuskantar tarin kayan aiki da sai ya haɗa kafin ya ga shafinsa na farko. An zaɓi facin da kowa zai iya sawa a kan sabuwar rigar da gida ɗaya ya ɗinka, kuma faci faci ne.

Duk da haka, abin da ya biyo baya ya nuna cewa kwamiti ba kurma ba ne. Matsin lambar da sababbin harsuna suka kawo ya taimaka wajen farkar da TC39, a watan Yunin 2015 aka fitar da bugu na shida mai ɗauke da gyare-gyare masu yawa, daga nan kuma aka koma fitar da sabon bugu kowace shekara. Mafarkin gudanar da wasu harsuna a burauza ma ya tabbata ta hanyar WebAssembly, wanda injiniyoyin Mozilla da Google da Microsoft da Apple suka tsara tare, manyan burauzoci suka karɓe shi a 2017, ƙungiyar W3C ta amince da shi a watan Disamban 2019. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Shi kansa Dart bai mutu ba. Ya sami gida a Flutter, tsarin gina manhajojin waya da bugunsa na farko ya fito a watan Disamban 2018, inda ba ya buƙatar izinin kowace burauza. Harshen ya bunƙasa a filin da yake nasa, bayan ya kasa a filin da yake na kowa.

Abin da ya rage a tsare

Wannan tarihi bai zama tatsuniya ba tukuna. Abin da ya dakatar da Dart shi ne kasancewar akwai masu burauza da dama da kowannensu ke iya cewa a'a, kuma a'ar tasa ta yi tasiri. Yawansu ya ragu. Opera ta bar injinta ta koma kan na Chrome a 2013, Microsoft ma ya sake gina burauzarsa Edge a kan wannan tushe a farkon 2020. Manyan injunan da suka rage uku ne: Blink na Google, WebKit na Apple, da Gecko na Mozilla. Idan gobe wani kamfani ya sake zuwa da harshen da ya fi kyau, da ƙwararrun da suka fi kowa, bakunan da za su tambaye shi wa ya shawarta sun yi kaɗan.

Ga mai kamfanin da zai zaɓi fasahar da zai zuba kuɗinsa a kai, da matashin da zai ba da shekara biyu na rayuwarsa wajen koyon harshe, tambayoyin da muhawarar Dart ta bari suna da amfani fiye da kowace talla. Shin sabon harshen yana aiki da abin da ake da shi, ko sai an rushe an sake gini? Ana iya shigarsa kaɗan-kaɗan, a kuma fita idan bai yi ba? Mutum nawa ne, daga gidaje nawa, ke da ta cewa a kan makomarsa? Idan kamfanin da ya haife shi ya sauya ra'ayi, wa zai ci gaba da riƙonsa? Harshen da ya amsa waɗannan da kyau ya cancanci a dube shi, ko da tsarinsa bai kai na abokin takararsa kyau ba.