Na Zo Gaishe Ka Ne Kawai

A Kano ta yau, idan ɗan'uwanka ya yi sallama a ƙofar gidanka ranar Talata da hantsi, bai buga waya ba, babu biki babu rasuwa, kafin ka gama amsa sallamar zuciyarka ta fara saƙe-saƙe. Ko dai wani ya rasu, ko kuwa da buƙata ya zo. Shi ma ya san abin da ke ranka, shi ya sa ba zai saki jiki ba: zai ɗosana a bakin kujera, ya kurɓi ruwan da aka kawo, ya yi ta duban ƙofa. Ziyara yanzu sai da dalili, dalilan da suka rage mana kuwa ba su wuce aure, suna, ta'aziyya da gaisuwar Sallah ba. A ganina ziyarar da babu dalili, wadda mutum zai ce "na zo gaishe ka ne kawai" kuma gaskiya ya faɗa, ita ce ke riƙe da duk sauran. In ta mutu, wurin biki da zaman makoki za su ci gaba da cika, amma da mutanen da ba su san halin da junansu ke ciki ba.

Ba na raina uzurin jama'a. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka sanar da janye tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 600 cikin wata biyu, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. Magidancin da ke Hotoro, yayarsa tana aure a Rijiyar Zaki, dole ya auna kuɗin adaidaita sahu zuwa da dawowa da kuɗin cefanen ranar. Wanda danginsa ke Batsari ko Zurmi ko Birnin Gwari kuwa, har ransa yake sawa a ma'auni kafin ya hau mota. Ga gari ya yi faɗi, manyan gidajen da kaka da 'ya'ya da jikoki ke fita ta zaure ɗaya sun watse, kowa ya yi gininsa a bayan gari ya kafa get. Waya ta zo ta toshe wata kafa, kuma na yaba mata. Na ga zauren WhatsApp na dangi ya haɗa kuɗin tiyata cikin dare ɗaya, abin da a da sai an kwashe mako ana aike gari-gari.

Sai dai waya ba ta ɗaukar komai sai abin da baki ya yarda ya faɗa, bakin Bahaushe kuwa an hore shi a kan rufin asiri. Ka tambayi wanda ya kwana da yunwa, zai ce lafiya lau. Ka tambayi wanda ke kwance, zai ce da sauƙi. Wannan tarbiyya ce mai kyau, ba na so mu rabu da ita, amma tana da sharaɗi: an gina ta ne a kan cewa akwai mai shigowa gidan ya gani da idonsa. Shi zai lura murhu ya yi sanyi har azahar, yara suna gida ranar makaranta, kwalin maganin hawan jini ya ƙare ba a sayo wani ba. Ba sai an gaya masa ba, ba kuma sai mai gidan ya zubar da mutuncinsa ya roƙa ba. Wannan ne abin da magabata ke nufi da suka ce zumunta a ƙafa take.

A layinmu akwai wani dattijo, tsohon direban babbar mota, Bazazzagi, mai fama da ciwon sukari. 'Ya'yansa maza biyu, ɗaya a Abuja ɗaya a Fatakwal, yaran kirki ne. Kullum suna kira, duk wata suna turo kuɗi, shi kuma kullum amsarsa ɗaya ce. Yana da amini, Bakano mai sayar da goro, wanda kan zo bayan la'asar su shimfiɗa tabarma a ƙofar gida suna tsokanar juna irin wasan Kanawa da Zage-zagi. Wata rana ina zaune tare da su, mai goron ya dubi ƙafar abokinsa da ke lulluɓe da gefen babbar riga, ya ce, "Kai Bazazzagi, kwana biyu ban gan ka a masallaci ba, ga shi ban ga takalminka ba. Sayar da shi ka yi?"

Dattijon ya ce, "Ƙusa ce ta ɗan soke ni, ba wani abu ba ne."

"To buɗe in gani."

"Ka ji Bakano da shisshigi."

Mai goro bai ƙara magana ba, ya miƙa hannu ya yaye rigar. Tafin ƙafar ya kumbura, yatsa ɗaya ya yi baƙi, an ɗaure shi da tsumma yana wari. Nan take fara'ar ta bar fuskarsa. Ya ce da ni, "Ɗana, tare mana adaidaita." Dattijon yana cewa a bari sai gobe, abokin yana saƙala masa hannu a kafaɗa. A asibiti an yanke yatsan, ƙafar ta tsira. Duk wanda ya taɓa jinya a asibitocinmu ya san majinyaci ba ya kwanciya shi kaɗai: sai da mai sayo magani, mai kai gwaji, mai kawo abinci, mai nemo wanda zai ba da jini a madadin wanda aka ƙara masa. Kafin 'ya'yan su iso, mai goro ne ya rufe teburinsa ya kwana a barandar asibitin, 'yan majalisarsu kuma suka turo samarin gidajensu aka gwada jininsu.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, ko da babban ɗan yana gari, da wuya ya iya yaye rigar mahaifinsa bayan an ce masa ba komai. Kunya da ladabi za su riƙe masa hannu. Aboki ne, sa'a, wanda wasa ya ba shi izini, zai iya wannan. Dangi na da nasu aikin, amini na da nasa, ɗaya ba ya maye gurbin ɗaya. Al'adarmu ta san haka, shi ya sa ta buɗe ƙofofin wasa a cikin gida da wajensa: tsakanin taubasai, tsakanin kaka da jika, tsakanin Katsinawa da Nufawa, Gobirawa da Yarabawa, Fulani da Barebari. A Jamhuriyar Nijar an ɗauki wannan wasa da muhimmanci har hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gado na duniya a 2014. Mata ma ba su bar abota ga sa'a ba. Baba ta Karo, wadda ta ba Mary Smith labarin rayuwarta aka buga a 1954, ta bayyana yadda mace ke ƙulla ƙawance da aike da kyauta, a san da shi a gari, ya zama ƙawa tana da haƙƙi da nauyi a kan ƙawarta a duk hidimar da ta taso.

Kada a ɗauka wannan zancen tausayi ne kawai. Arziƙin Hausawa a ƙasashen nesa a kansa ya ginu. Abner Cohen, wanda ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan ya fitar da littafinsa a 1969, ya nuna yadda fataucin shanu da goro ke tafiya a kan amana: falke ya sauka gidan maigidansa, a sayar wa mahauta shanunsa bashi, babu takarda babu banki, sai maganar maigidan da ya san kowa, kowa ya san shi. Haka zangunan Kumasi da Accra suka riƙa karɓar baƙo su ba shi masauki kafin ya tsaya da ƙafarsa. A zamaninmu ma, lokacin da rikicin Boko Haram ya kori jama'a zuwa Maiduguri, mafi yawansu a gidajen 'yan'uwa da abokan arziƙi suka sauka, ba a sansani ba. Farkon 2023, da takardun naira suka ɓace, mai kuɗi a banki ya rasa na sayen gishiri, mai shagon da ya san fuskarka ne ya auna maka shinkafa ya rubuta a littafi. Da aka rufe iyakar Najeriya da Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, har zuwa Maris na 2024, mutanen Katsina da Maraɗi, Illela da Birnin Ƙonni, sun ji abin a jikinsu fiye da yadda 'yan siyasa suka zata, domin gida ɗaya ne layi ya ratsa. Duk wannan taimako bai faɗo daga sama ranar da masifa ta zo ba. An tara shi ne a ranakun da babu komai, da sallama da zama da ciyayya.

Waɗanda suka riga mu shiga rayuwar kowa-tasa-ta-fisshe-shi suna neman hanyar komawa. Gwamnatin Birtaniya ta naɗa ministar kula da matsalar kaɗaici a 2018, Japan ta bi sahu a 2021. Binciken jami'ar Harvard da aka fara tun 1938, ana bin rayuwar mutane ɗaruruwa daga ƙuruciya har tsufa, ya gano cewa jin daɗin zaman mutum da na kusa da shi a shekara 50 ya fi yawan kitsen da ke jininsa nuna irin lafiyar da zai samu a shekara 80. Ban kawo wannan don mu yi alfahari ba. Hanyar da suka bi muke bi, da sauri kuma.

Dole in faɗi ɗaya ɓangaren, don na san mai karatu yana da shi a baki. Zumunci yana da nauyi, wani lokaci har da zalunci. Akwai ma'aikacin da albashinsa bai kai tsakiyar wata ba amma gida goma ke kallonsa, har ya koma ɓoye lambarsa. Akwai 'yan uba da rabon gado ya raba, shekara da shekaru ba sa ga maciji. Akwai dangin da ziyararsu ta leƙen asiri ce, su fita su baza. Wanda ya ja jikinsa daga irin waɗannan ba zan zarge shi ba. Amma yawancin nesantar da nake gani ba daga gaba ta fito ba, daga tsada ta fito, kuma mu muka ɗora wa kanmu tsadar.

Dubi biki. Kamu da ankonsa, wuni da nasa, dina da nata, ga gudunmawa da ake rubutawa a littafi don a san abin da za a mayar. Mata ne suka fi shan wannan wahala. Matar da mijinta ke neman na tuwo da ƙyar, a turo mata hoton leshi da farashinsa, me za ta yi? Ranar bikin sai ta ce yaro ba lafiya. Ta yi haka sau biyu, sai a ce ba ta da zumunci, a daina gaya mata hidima. Ita ce kuwa wadda za ta zo da asuba ta hura wuta, ta tuƙa tuwon mutum ɗari ba ta gaji ba. Na fi son a bar anko gaba ɗaya a bikin dangi. In kuwa an ƙi, uwar biki ta saya wa waɗanda ta san ba su da hali, ta aika musu a asirce tun kafin a sanar da farashi.

Akwai kuma maganar wa zai je wurin wa. Mun saba marar hali ne ke takawa gidan mai hali, ya jira a wurin maigadi, a leƙo a ce Alhaji yana hutawa, ko a fito a miƙa masa na mota a tsaye. Kuɗin ba laifi ba ne, al'ada ce mai kyau. Miƙa su kafin a zauna ne ke gaya wa mutum cewa an fassara zuwansa, kuma mai zuciya ba zai dawo ba. Nauyin gyara yana wuyan wanda Allah ya buɗa wa. Shi ke da mota da mai, shi ne kuma in ya je ba wanda zai zarge shi da roƙo. Ya je gidan ƙanwarsa a Kurna ko Ɗorayi ranar da babu hidima, ya cire takalmi ya zauna a tabarma, ya ci abin da aka dafa ko da garau-garau ne, ya tambayi yara ajin da suke. In zai ba da wani abu, ya bari sai zai tashi.

Ya kuma tafi da 'ya'yansa. Muna da yara yanzu da ke kiran kowane babba da suna ɗaya na Turanci, ba su bambance baffa da kawu, ko gwaggo da inna ba, balle su san wane ne taubashinsu da za su tsokana ranar cika-ciki. Yaron da bai taɓa kwana a gidan gwaggonsa ba, bai sha faɗanta ba, bai ci ɗumamenta ba, ba za ka ce masa ya ɗauki jinyarta bayan ranka ya ji abin a jikinsa ba. Hutun makaranta na zuwa sau uku a shekara. A ɗebe ko da kwana uku ne daga darasin hutu, a haɗa wa yaro kayansa a leda, a kai shi gidan kawunsa ya kwana ɗaki ɗaya da 'ya'yan gidan, a kuma karɓo nasu su zo naka a hutu na gaba.