Abin da Faransa ta yi wa tukunyarta

Ana yawan ɗauka cewa girkin Faransa ya yi suna ne saboda ya fi na kowa daɗi. Tarihinsa ya nuna wani abu dabam: Faransawa sun rubuta girkinsu, sun koyar da shi a matsayin sana'a, sannan suka kafa masa doka. Wannan darasi ya shafi mai kilishi da mai masa a Badarawa fiye da yadda ake zato.

Gidajen cin abinci irin na zamani, inda mutum ke zama a teburinsa ya zaɓi abin da yake so daga jeri mai ɗauke da farashi, sun fara bayyana a Paris a shekarun 1760. Juyin juya halin 1789 ya rusa gidajen masu sarauta, kukun da ke yi musu hidima da dama suka koma dafa wa duk mai iya biya. Daga nan girki ya zama abin rubutu da muhawara. Antonin Carême, wanda ya rasu a 1833, ya tsara miyar Faransa zuwa 'yan tushe kaɗan da sauran ke fita daga cikinsu. Auguste Escoffier ya raba aikin madafa sashe-sashe, kowa da abin da ya rataya a wuyansa, kuma littafinsa na 1903 har yau ana karantar da shi. Kamfanin taya na Michelin ya fara buga jagorar matafiya a 1900, ya soma bai wa gidajen abinci tauraro a 1926.

Doka ta biyo baya. A 1925 aka hana kiran kowane cuku da sunan Roquefort sai wanda ya nuna a kogunan garin. A 1993 gwamnati ta fayyace abin da za a iya zubawa a burodin da ake kira na gargajiya. UNESCO ta sanya tsarin liyafar Faransawa cikin al'adun duniya da ake adanawa a 2010, ta ƙara da sana'ar dogon burodinsu a 2022, burodin nan da mulkin mallaka ya bari a Maraɗi da Damagaram, ake cin sa da shayi kowace safiya.

Ƙasar Hausa ba ta rasa gwanaye ba. Yin kilishi ilimi ne: a yanka nama falle-falle, a shanya, a tsoma a labu, a sake shanyawa, sannan a nuna masa wuta daidai gwargwado. Haka dambu, haka faten tsaki, haka daddawar da ake kwanaki ana jiran ta nuna. Sai dai kusan duk wannan sani a kai yake da hannu. Tsohuwar da ta san sirrin wata miya idan ta rasu, da shi take tafiya. A gidaje da yawa ɗanɗanon dunƙule ya riga ya ture na daddawa, har an samu yaran da ba su san bambancin ba.

Maganar ba ta tsaya ga kewar da ba, akwai kuɗi a ciki. Nijar ta yi wa kilishinta da albasar Galmi rajista a ƙungiyar OAPI, wadda ke kare haƙƙin mallakar fasaha a ƙasashe 17 na Afirka, ta yadda sunan kayan ya ɗauru da wurin da aka yi su da yadda aka yi su. Nijeriya ba ta cikin wannan ƙungiya. Senegal kuma ta kai shinkafarta da kifi gaban UNESCO a 2021. Cittar Kachia, wadda 'yan kasuwar waje ke nema, tana fita a buhu kamar kowace citta, ribar sunanta ba ta komawa ga manomin da ya sha ranar.

Akwai masu cewa ana fama da tsadar masara, wa ke ta adana girki? Wasu kuma na ganin rubutawa za ta daskarar da abin da ke canzawa daga gida zuwa gida. Damuwa ta biyu tana da tushe, domin a Faransa ma sai da wasu matasan kuku suka yi wa ƙa'idojin Escoffier bore a shekarun 1970. Amma sun iya yin boren ne saboda akwai rubutaccen abin da za su saɓa wa. Ta farko kuwa amsarta tana cikin lissafi: kayan da aka san asalinsa da ingancinsa shi mai saye ke yarda ya ƙara wa kuɗi.

Kaduna na da inda za ta fara. Gidan Arewa, wanda ke tattara tarihin Arewa tun 1970, zai iya naɗar bayanan tsofaffin masu girki da mahauta kamar yadda yake adana takardun sarakuna. Sarakunan fawa da ƙungiyoyin masu kilishi za su iya amincewa a kan mizanin nama da tsafta, su rubuta shi da Hausa. Makarantun koyon aikin otal su ba ɗalibi jarrabawa a kan miyar kuka da irin tsananin da suke ba shi a kan miyar Turawa. Ma'aikacin da ke tsayawa sayen tsire a Badarawa da yamma shi ma yana da rawar takawa: ya tambayi mai tukuba daga ina naman ya zo, wa ya koya masa, kuma ya yarda ya biya wanda ya ba shi amsa mai gamsarwa.