Kafin ka saya wa mahaifiya sola, yi lissafi tukuna

Duk shekara, da azumi ya gabato ko babbar sallah ta kusa, 'yan unguwarmu ta Briqueterie, wato Ekoudou, a birnin Yawunde, sukan shiga hidimar aika kaya gida. A da shinkafa ce da sukari da atamfa. Yanzu an ƙara da faifan sola da batir. Mutum ya yi tsimi daga ɗinki ko tsire ko shagon yadi, ya gina wa mahaifiyarsa ɗaki biyu a wani ƙauye bayan Tibati ko Banyo, ko ya kafa 'yar bukka a gonarsa ta hanyar Ntui, inda babu turken lantarki ko ɗaya. Sai ya gangara kasuwar Mokolo ya ce, “Alhaji, a haɗa mini sola mai ƙarfi.” A ɗaure kaya, a sa a mota ko a jirgin ƙasa na dare mai zuwa Ngaundere. Niyya ce mai kyau, Allah ya ba da lada. Abin da ke damuna shi ne yadda da yawa daga cikin waɗannan kaya ba sa cika shekara suna aiki, kuma galibi kuskuren a nan Yawunde aka tafka shi, tun ranar saye.

Babu wanda zai ga laifin mai neman rana. Madatsar ruwa ta Nachtigal da ke kan kogin Sanaga, mai megawat 420, ta kammala a 2025, amma komai girman madatsa, sai an ja waya kafin wuta ta isa ƙauye, kuma akwai garuruwan da za su daɗe suna jira. Arewacin Kamaru ya yi shekara da shekaru yana dogaro da madatsar Lagdo mai megawat 72, wadda ƙarfinta ke raguwa idan ruwan Binuwai ya ja baya, shi ya sa aka kafa manyan tashoshin sola a Marwa da Gidar, aka ƙaddamar da su a 2023. Gwamnati kuma ta ɗauke harajin kwastan a kan kayan sola na tsawon wata 24 a dokar kuɗi ta 2024. Kaya sun cika kasuwa, nagari da na jabu a kan tebur ɗaya. Wanda bai san abin da yake nema ba, abin da aka miƙo masa zai ɗauka.

Tambayar farko ita ce me za a kunna a gidan, kuma awa nawa. A ɗauki takarda a rubuta. Ƙwan fitila shida masu wat 5, awa biyar kowane dare, sun ci wat-awa 150. Talabijin mai wat 50, awa huɗu, 200. Fanka mai wat 40, awa takwas, 320. Cajin waya biyar, a ce 80, kuma a tuna cewa ranar da wuta ta shiga gida a ƙauye, wayoyin maƙwabta ma nan za su kwana. Jimla 750 ke nan. A ƙara kashi ɗaya bisa uku saboda abin da ke salwanta a waya da batir da na'urar juya wuta, sai a samu wat-awa 1,000 a yini. Wannan adadin shi ne tushen komai. Mai shagon da bai tambaye ka shi ba kafin ya yanka maka farashi, a ganina ka yi masa sallama ka matsa gaba.

Sai maganar rana, wadda a nan ake yawan ruɗuwa. Muna ganin gari ya waye ƙarfe shida ya yi duhu ƙarfe shida, sai mu ɗauka awa goma sha biyu faifai ke aiki. Ranar safe da ta la'asar ba su da ƙarfi, gajimare kuma na cin nasa rabo. In aka dunƙule hasken yini guda, a kudancin Kamaru bai wuce kamar awa huɗu na cikakkiyar rana ba, a Arewa mai nisa kuwa yakan kusa shida. Kuma da watan da ya fi duhu ake lissafi. Duk mazaunin Yawunde ya san yadda sararin sama ke lulluɓe a Yuli da Agusta, haka ma Adamawa a tsakiyar damina. In ka raba 1,000 da awa uku da rabi na irin waɗannan watanni, kana bukatar faifai na wat 300 a ƙalla. Wanda ya yi lissafi da ranar Fabrairu zai sha duhu a Agusta.

Batir ne ya fi cin kuɗi, shi ne kuma ya fi saurin mutuwa, don haka a kansa ya kamata a daɗe ana tunani. Faifai gona ne, batir kuwa rumbu, kuma rumbun da ake kwashewa ƙarƙaf kowane dare ba zai kai ka ko'ina ba. Batirin dalma mai volt 12 da amfiya-awa 200 yana ɗauke da wat-awa 2,400 a rubuce, amma rabin wannan kaɗai ake so a taɓa. In ana zuƙe shi har ƙasa kullum, cikin 'yan watanni zai daina riƙe caji. Gidan da muka lissafa, in ana so ya jure kwana biyu na hadari, sai an sa masa irin wannan batir guda biyu. Batirin litiyam mai suna LiFePO4 ya fi tsada ranar saye, amma ana iya cin kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari na cajinsa, yana kuma jure caji sau dubbai, guda ɗaya mai girman nan zai yi aikin biyun. Ni dai ga gidan da ke nesa, inda kai sabon batir ke bukatar tafiyar yini, na fi karkata ga litiyam, in aljihu ya yarda. Batirin mota kuwa a bar wa mota. An ƙera shi don ya ba da wuta mai yawa cikin daƙiƙoƙi ya tayar da inji, ba ya jure fitila har asuba.

Zafi ma yana kashe batir. Na dalma an auna shi ne a kan digiri 25, kuma duk ƙarin kimanin digiri goma yana rage rabin rayuwarsa. Ka duba Marwa a watan Afrilu, inda zafi ke wuce digiri 40, sannan a kulle batir a ɗakin kwano marar taga. A nema masa wuri mai inuwa da iska, a ɗaga shi daga ƙasa, nesa da murhu da hannun yara.

Tsakanin faifai da batir dole a sa na'urar daidaita caji. Wasu masu haɗawa kan cire ta don farashi ya sauka, wannan kuwa ha'inci ne. Mai alamar MPPT ta fi mai alamar PWM tatsar wuta, musamman da manyan faifai. Waya ta zama mai kauri, ta jan ƙarfe ta gaske, gajeriya gwargwadon iko, domin wutar volt 12 tana zubewa a doguwar waya siririya, wayar kuma ta yi zafi. A sa fis dab da batir. A binne sandar ƙarfe saboda tsawa. Faifan ya kalli kudu, a ɗan karkata shi digiri goma zuwa goma sha biyar don ruwan sama ya riƙa wanke shi, a kuma kauce wa inuwar mangwaro, domin inuwa a kan kusurwa ɗaya tana iya rage wutar faifan gaba ɗaya.

Yanzu ga inda nake so mu faɗa wa juna gaskiya. Ko an saya daidai an haɗa daidai, sola tana iya lalacewa a wurin amfani. An yi lissafin fitila da fanka, bayan wata biyu sai ƙanwa ta kawo dutsen guga mai wat 1,000, wanda awa ɗaya tasa ta cinye wutar yini guda. Wani ya jona abin dafa ruwa. Sai a yanke shawarar sa firiza don sayar da ƙanƙara, alhali ita kaɗai tana iya cin abin da gidan duka ke ci, kuma lokacin tashinta tana jan ninkin ƙarfinta sau uku ko fiye. Ba laifin mahaifiya ba ne, babu wanda ya zaunar da ita ya yi mata bayani. An ce mata wuta ta zo, ita kuma ta san wutar birni, wadda ake jona komai. In ana son firiza, a faɗa tun farko a sayi kayan da za su ɗauke ta. Kuma kafin mai haɗawa ya bar ƙauyen, a tara mutanen gida ya nuna musu abin da aka yarda a jona da wanda aka hana, da abin da jar fitilar na'ura ke nufi. A ɗora wa yaro ɗaya mai hankali alhakin goge faifai da tsumma mai laushi da ruwa, da sassafe kafin ya yi zafi, musamman lokacin hunturu da ƙura ke kwanciya a kansa. In batirin mai ruwa ne, ruwan batir ake ƙara masa, ba na rijiya ba.

Akwai kuma ranar da batir zai mutu, ko da an kula da shi. Mai aika sola ya fara ajiye kuɗin sabo tun daga watan farko, in ba haka ba faifan zai zama ado a kan rufi. Tsohon kuma kada a bar shi a tsakar gida yara su fasa shi. Dalma guba ce. Ba mu manta da Zamfara ba, inda a 2010 dalmar da ke cikin ƙasar haƙar zinariya ta hallaka ɗaruruwan yara. A mayar da mataccen batir ga masu sayensa a birni.

Abin da ke ba ni takaici shi ne Briqueterie cike take da matasa masu basira, masu gyaran waya da rediyo da wayarin gida, da yawansu aiki bai ishe su ba, ga kuma ƙauyukan iyayenmu ba su da wanda zai duba sola in ta tsaya. Ina kira ga ƙungiyoyin 'yan asalin garuruwa da kwamitocin masallatanmu su ɗauki nauyin koya wa yara biyu ko uku daga kowane yanki wannan sana'a yadda ya kamata, a makarantar koyon aikin lantarki, da lissafinta da komai. Kai kuma ɗan'uwa mai shirin aika sola bana, ka kira gida ka tambayi abin da suke so su kunna, ka rubuta, ka tafi kasuwa da takardar a hannunka, kuma kada ka biya sai an ba ka rasit mai ɗauke da garanti.