Kiwon Dangin Kwaɗi a Gida: Wa Zai Gyara Bayanan Intanet?

Masu iya magana sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Amma akwai abin da ya fi rashin sani haɗari, wato gurguwar fahimta, domin mai ita ba ya tambaya. Wannan ita ce matsalar da ta dabaibaye kiwon halittun ruwa da tudu, wato kwaɗi da danginsu, waɗanda jama'a a ƙasashe da dama ke ajiyewa a gida don sha'awa. Galibin masu kiwon nan a intanet suke koyo, kuma da yawa daga cikin bayanan da ke can 'yan kasuwa ne suka rubuta, waɗanda ciniki ya fi damu.

Misali mafi kusa shi ne aksolotil. Wannan halitta tana cikin dangin salamanda, masu siffar ƙadangare amma da fata mai laushi da danshi. Asalinta tafkunan birnin Meziko ne, kuma a ruwa take ƙare rayuwarta. A shekarar 2021 aka saka ta cikin wasan kwamfuta mai suna Minecraft, sai yara suka kamu da son ta, kasuwarta ta buɗe. Sai dai ba kowane talla ne ke bayyana cewa aksolotil na iya rayuwa fiye da shekara 10 ba, ko cewa yana buƙatar ruwa mai sanyin digiri 16 zuwa 18 a ma'aunin Salshiyas, kuma ruwan da ya haura digiri 24 na iya hallaka shi. Shawarar da aka rubuta domin mutumin Ingila ba za ta yi wa mazaunin Kano ko Damagaram amfani ba, inda zafin bazara kan kai digiri 40.

Dalilin wannan rauni yana cikin ƙirar jikin halittun. Fatarsu tana zuƙar ruwa da iska kai tsaye, saboda haka duk abin da ke cikin ruwa, ko a tafin hannun mai taɓa su, yana iya shiga jikinsu. Sinadarin kulorin da ake zubawa a ruwan famfo don kare lafiyar ɗan Adam guba ne a gare su. Haka nan kashinsu yana fitar da sinadarin amoniya, wanda sai wasu bakteriya masu amfani sun yi makonni suna hayayyafa a cikin akwatin gilashin kafin su iya sarrafa shi. Wanda ya sayi akwati da dabba rana ɗaya, ya haɗa su nan take, ya jefa dabbar cikin guba bai sani ba.

Cutarwar ba ta tsaya kan dabba ba. Tsakanin 2008 da 2011, ɗaruruwan mutane a jihohi fiye da 40 na Amurka, akasarinsu ƙananan yara, sun kamu da cutar salmonela mai haddasa zawo da zazzaɓi. Bincike ya gano cewa tushen cutar wasu ƙananan kwaɗin ruwa ne 'yan asalin Afirka, da ake hayayyafar su a wata gona a jihar Kalifoniya. Kwaɗin ba su nuna alamar ciwo ba. Wanke hannu da sabulu bayan taɓa ruwan, da nisanta akwatin daga madafa, da sun rage wannan ta'adi ƙwarai.

Hasara ta uku, wadda ta fi girma, a daji take. Akwai wata cuta ta dangin fangas mai suna kitirid, wadda ke lalata fatar kwaɗi har zuciyarsu ta tsaya. Wani nazari da aka wallafa a 2019 ya danganta ta da raguwar nau'o'i 501, kuma ana kyautata zaton 90 daga ciki sun ƙare ƙaƙaf. A 2013 aka gano wata 'yar uwarta da ta kusa shafe wani nau'in salamanda a ƙasar Holan, masana kuma suka nuna cewa daga Asiya ta shigo ta hanyar fataucin dabbobin sha'awa. Wannan ne ya sa Amurka ta hana shigar da nau'o'in salamanda 201 a 2016. Saboda haka, wanda ya gaji da kwaɗonsa ya sake shi a kududdufi bai yi jinƙai ba. Mai yiwuwa annoba ya saka.

Wasu na ganin cewa yaɗa bayanin kiwo zai ƙara wa mutane kwaɗayin saye. Wannan hujja ba ta da ƙarfi. Masu saye suna saye ko da masana sun yi shiru, shirun nan kuwa shi ke bar wa 'yan talla fili. Hasali ma, cikakken bayani kan sa mutum ya fasa, idan ya ga wahala da tsadar da ke gabansa.

Ya wajaba sassan nazarin halittu da na likitancin dabbobi a jami'o'i su ɗauki wannan aiki, su rubuta cikin harsunan da jama'a ke karantawa. Kowane bayani ya faɗi sunan kimiyya na halittar, da yanayin da take buƙata, da tsawon ranta, da haɗarinta ga yara, da abin da doka ta tanada, tare da gargaɗin kada a sake ta a daji. Ya kuma ɗauki sunan marubuci da shekarar rubutu, domin ilimi yana sabuntuwa.

Malaman sakandare su ma suna da rawar takawa. Ɗalibin da ya kamo talibambam da damina don ganin yadda yake rikiɗa ya zama kwaɗo, a koya masa amfani da ruwan da ya samo su a ciki da kuma wanke hannu. A kuma horar da shi ya riƙa yi wa kowane shafi tambayoyi uku: wa ya rubuta, yaushe, kuma me yake sayarwa? Ɗalibin da ya saba da waɗannan tambayoyi a kan kwaɗo zai yi su a kan magani da abinci, kuma rigakafi, kamar yadda aka sani, ya fi magani.