A-KORI-KURA TA KORI KURA, SAURA ƘURA

Ko wane manomi ya san wahalar da a ke sha kafin hatsi ya shiga buhu. Abin mamaki shi ne, mutum ya yi wata biyar yana tsaron amfanin gonarsa daga tsuntsu da ɓera da ɓarawo, sa'an nan ran kasuwa ya jibga shi cikin ko wace irin mota ya samu, bai ko leƙa bodinta ba.

Motar da ta fi yi wa ƙauye aiki ita ce a-kori-kura, wadda ta sami sunanta domin ta kori kurar nan da a ke turawa da hannu. Tun daga Peugeot da aka fara haɗawa a Kaduna cikin 1975 har zuwa Hilux ta yau, ita ke shiga lungun da babbar mota ba ta iya shiga. Amma fa kura kaɗai ta kora. Ƙura da ruwa suna nan suna cin dukiyar talakawa a bayanta.

Direbobi da yawa suna tsammani in an ɗaure tamfol magana ta ƙare. Ba haka ba ne. Sa'ad da mota ke gudu tana keta iska, sai ta bar gurbi a bayanta, iska kuwa ta rugo don ta cike shi. Ƙurar da tayoyin baya suka tayar sai ta bi wannan iska, ta murɗa, ta komo ta shige ta ko wace kafa da ke jikin ƙofar baya. Shi ya sa buhunan da ke bakin ƙofa su kan fi na gaba yin ja. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ƙura tana rage wa kaya daraja. Shinkafa ko gari ko barkono in suka isa Dawanau sun yi butu-butu, ɗan kasuwa zai karya kuɗinsu, ba kuwa za a ga laifinsa ba. To, ɓarnar ruwa ta fi wannan muni. Takin yuriya ko daga iska ya kan sha laima, balle ruwa ya kwanta ƙarƙashinsa, sai ya narke ko ya dunƙule. Buhun siminti mai kilo 50 ya zama dutse. Masara da gyaɗa kuwa in suka jiƙe aka bar su a buhu sai su yi funfuna, wata irin funfunar kuma tana haifar da dafin da masana ke kira afalatoksin, wanda ke lalata hanta, dafuwa kuwa ba ta kashe shi. An gano shi ne bayan 1960, shekarar da talo-talo fiye da 100,000 suka mutu a Ingila saboda tunkuzar gyaɗa da aka kawo daga Birazil. Cikin 2004 ya kashe mutum 125 a ƙasar Kenya, waɗanda suka ci masarar da ta yi funfuna. Watau maganar bodin mota ta wuce maganar riba, ta kai ga rai.

Gyaran kuwa ba wani abu mai tsada ba ne. Da fari a share bodin, a wanke shi, a bar shi ya bushe. In dare ya yi a ɗaure tamfol, a kunna tocila a ciki, mutum ya zagaya ta waje har ya duba ƙarƙashi. Duk inda haske ya fito, nan ƙura ke shiga. Wurin da tsatsa ta huda a kai wa mai walda ya toshe, a bi da fenti. Ƙananan tsagogi da ramukan kusoshi a cike su da kwalta ko gam. Sa'an nan a komo kan ƙofar baya, domin ita ce uwar ɓarna. A yanka tsohuwar robar cikin taya, a manna ta gefe biyu na ƙofar, a kuma shimfiɗa wata mai faɗi ta rufe tsagar da ke tsakanin ƙofar da daɓen bodin, yadda in an rufe za ta matse.

Tamfol ma yana da ka'ida. A sa masa ƙarfe ko sanda a tsakiya ya yi tozo kamar jinka, kada ya yi kwari ruwa ya taru. Bakinsa ya sauko ta wajen bodi, ba ta ciki ba, in ba haka ba ruwan da ya zubo zai gangara kan kaya. Mai dabara ya kan bar 'yar taga mai raga ta wajen gaba, daga sama, inda iska ta fi tsabta. Iskar da ta shiga nan ita ke tokare ƙurar baya ta hana ta shigowa. Da damina sai a rufe tagar.

Akwai abu uku da ya kamata a kiyaye. Na ɗaya, ramukan da masu ƙera mota suka bari a daɓe don ruwa ya tsiyaye, kada a toshe su har abada. A sa musu abin da za a iya cirewa, a kuma jera katako ƙarƙashin buhuna. Na biyu, hatsin da bai bushe sarai ba kada a kulle shi cikin tamfol a rana, gumi zai yi, ya ruɓe ko ba a yi ruwan sama ba. Na uku, shi ne mafi girma, kada a ɗauki mutum ko dabba cikin bodin da aka rufe ruf. Hanyar da ƙura ke bi ita hayaƙin salansa ke bi, dafinsa kuwa ba ya wari, sai dai mutum ya ji barci ya wuce ke nan.

Mai mota zai ce ga tsadar mai, ga taya, ga makanike, ina ya ga sararin lura da bodi? Amsa ita ce, kuɗin roba da gam da fenti bai kai na buhun taki ɗaya ba. Bugu da ƙari gyaran nan kansa ya yi wa, gama taki da ruwa in suka haɗu su ke cinye ƙarfe, bodin da ya ruɓe kuwa ba ya sayuwa. Har wa yau, wanda ya karɓi kuɗin dako amana ya karɓa. Wajibi ne ya kai kaya yadda aka ba shi su.

Amma ba za a gyara ba sai masu kaya sun matsa. Manomin da zai sayi jaki ya kan duba bayansa ko da gyambo, to, haka ya kamata ya duba bodin mota kafin ya yi ciniki. In ya ga ƙasa ta cikin daɓe, ko ya ga tamfol ya yayyage, ya nemi wata ko da ta fi tsada, araha ba ta ado. Shugabannin tasha su ma su hana irin wannan mota layin lodin hatsi, musamman cikin marka. Ran da direba ya ga kaya sun wuce shi sau biyu, ba sai an yi masa wa'azi ba, da kansa zai nemi mai walda.

Allah Ya kiyaye hanya, Ya sa albarka cikin abin da aka noma, amin.